Kwana 3 ina maida madarar Baffa, ashe sud ɗina ne ya yi sanyi

Wannan abin ya faru cikin Agusta, tsakiyar damina, lokacin da madara ke cika Yamai har mai saniya ya rasa inda zai kai ta. Ina aiki a wata 'yar masana'antar yawur ta wata Hajiya, mu 9 ne duka-duka har da mai gadi, kuma ni ne mai labo, in ma za a kira wurin labo, don ɗaki ne guda da tebur mai karo da ƙaramin firigo da biret 2, wato dogon bututun gilashi mai layukan awo da famfo a ƙasa, ɗaya ma bakinta ya gutsure. Aikina na farko kullum da safe shi ne duk bidon ɗin da ya shigo sai na auna tsamin madarar da ke ciki kafin a juye ta a babbar tukunya, saboda bidon guda da ya fara juyawa ya isa ya ɓata mana lita 200 in aka ɗora a wuta. Hajiya ta taɓa ganin haka sau ɗaya tun kafin in zo, to tun ranar ta kafa doka, abin da tsaminsa ya wuce digiri 20 ba ya shiga, ko na wa ne.

Bari in ɗan faɗi yadda awon yake saboda wanda bai taɓa tsayawa gaban biret ba. Asid da baz in sun haɗu kashe juna suke, su zama gishiri da ruwa. Iyayenmu mata sun san wannan ba tare da sun shiga lakwal ba, miyar yakuwa ta yi tsami a jefa 'yar kanwa, shi ke nan tsami ya kwanta. Abin da muke kira dozaj a labo shi ne dai wannan, bambancin kawai mu muna ƙirgawa. Kana da baz wanda ka san ƙarfinsa, kana ɗiga shi kaɗan-kaɗan cikin abin da kake son sanin tsaminsa har tsamin ya ƙare, sai ka duba nawa ya ci. In ya ci da yawa asid ɗin da yawa, in ya ci kaɗan asid ɗin kaɗan ne. Baz ɗinmu sud ne, NaOH, wanda mata masu sabulu ke kira soda.

A madara ga yadda nake yi. In motsa bidon sosai, in ja ml 10 da pipet in zuba a ƙaramin beshe, in sa ɗigo 3 na feno, wato fenolftalin, ruwan nan da ba shi da launi cikin tsami amma da pH ya kai wajen 8,2 sai ya koma ruwan hoda. Sai in buɗe famfon biret da hannun hagu ina juya beshe da na dama. Da farko ɗigon na faɗawa za ka ga hoda ta yi wal ta ɓace, kana matsowa tana ƙara jinkiri kafin ta ɓace, har ka zo ɗigon da zai sa madarar duka ta yi wani ja-ja mai haske ƙwarai kamar an wanke jan zane a ciki, ya kuma tsaya bai gudu ba. Nan ake rufe famfo. Wahalar madara ita ce fara ce, launin ɓuya yake, shi ya sa nake ajiye wani beshe na madarar da ba a taɓa ba a gefe ina gwadawa da ido.

Digirin da muke faɗa sunansa digiri Dornic, sunan wani Bafaranshe ne masanin harkar madara. Digiri 1 na nufin giram 0,1 na asid laktik a lita. Kuma mutumin ya yi dabara, tun da nauyin mol guda (ma'aunin da 'yan shimi ke ƙirga yawan sinadari da shi) na asid laktik giram 90 ne, kuma sud guda asid laktik guda yake kashewa, sai aka haɗa sud mai ƙarfin kashi 1 cikin 9 na mol a lita, 0,111 ke nan, shi ake rubutawa N/9. Da wannan ƙarfin ml 1 na sud yana kashe miligiram 10 na asid daidai wa daida, to in madararka ml 10 ce ba ka bukatar kalkuleta, ml 0,1 a biret digiri 1 ne. Ya ci ml 1,7 ka rubuta 17. Madarar saniya sabuwar tatsa tana zama tsakanin 15 da 18. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, wannan 15 zuwa 18 ɗin ba asid laktik ba ne ma, sabuwar madara kusan babu shi a ciki, furotin ɗinta ne da fosfat da sitrat ke shan sud ɗin, sai ƙwayoyin halitta sun fara cin sukarin madarar sannan tsamin gaske ke hawa a kan wancan. Don haka madara mai kauri ta saniyar da ta ƙoshi ta fi zama can sama wajen 17 ko 18 ko da yanzu aka tatso ta. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Baffa dattijo ne Bafulatani, rugarsu na can gaba da Libore a hanyar Kollo, ɗansa ke goyo shi a moto da bidon 2 na lita 20-20. Tun kafin a ɗauke ni aiki yake kawo wa Hajiya madara, kuma a kaye ɗina ba a taɓa maida masa ko lita ɗaya ba, kullum 17, wani lokaci 18. Ran Litinin ɗin nan na ja ml 10 na ɗiga, biret ta tsaya a 2,1. Na ce kai, hala na zarce. Na wanke beshe na sake, 2,1. Bidon na biyu ma haka.

Na fito na ce, Baffa ka yi haƙuri, yau madarar ta fara tsami. Ya dube ni, ya buɗe murfi ya ɗiba a tafin hannu ya kurɓa, ya ce yaro da asuba anka tatse ta. Na ce na sani Baffa, amma damina ce, ga zafi ga laima, kuma harshe ba ya jin tsamin 21, inji ne ke ji. Har da cewa inji, alhali gilashi ne da famfo. Bai ƙara magana ba, suka ɗaure bidon suka juya.

Talata 22. Laraba ɗan ya gaya mini uwarsa da ruwan zafi ta wanke bidon ɗin har sau 2, suka naɗe su da jiƙaƙƙen buhu, kuma ko addu'ar bayan sallah ba su tsaya ba suka kamo hanya. Na auna, 21. Ranar Baffa ya ce in ɗora ta a wuta a gabansa in ta lalace ya gani. Na zuba kaɗan a tib na riƙe kan wuta ta tafasa, lafiya lau, ba gudaji ba komai. Ya ce to? Ni kuma da bakina na karatu na shiga yi masa bayani cewa madara ba ta yin gudaji a wuta sai ta haura wajen 25, don haka tafasar ba ta nuna komai a kan 21 ba. Maganar gaskiya ce fa, har yau ban janye ta ba, amma dai ranar da gaskiya na kare kuskure. Ya ce Allah shi kyauta. Abin da ya faɗa ke nan kawai, kuma wanda ya san Fulani ya san wannan ta fi zagi zafi.

Za ku ce me ya hana ni zargin kayan aikina tun ran Litinin. Abin da ya hana ni shi ne madarar sauran mutane tana wucewa. Wannan 19, wancan 20 cif, wani sabon yaro da ya fara kawo mana da faɗuwar ruwa shi ma 17, har ina yaba shi a raina ina cewa ga mai tsabta. In da kowa ya faɗi da na farga nan take, amma mutum ɗaya ne ke faɗuwa, sai hankali ya tafi kan mutumin.

Amma dai Laraba da yamma abin ya ƙi barina. Na zauna na bi duk abin da aka koya mana yana sa biret ta yi ƙarya. Kumfar iska a bakin biret ƙarƙashin famfo, wadda in ta fita tsakiyar awo sai ka ƙirga ta a matsayin sud, na duba babu. Ɗauraye biret da ruwa a zuba sud a kai ba tare da an fara ɗauraye ta da sud ɗin kansa ba, wannan yana tsinka shi, to ni kullum sai na ɗauraye da sud sau 2. Karatun layi, ido daidai da ƙasan lanƙwasar ruwan ba daga sama ko ƙasa ba, wannan ya zame mini jiki. Zarce launi, i zai yiwu, amma ɗigo guda wajen ml 0,05 ne, rabin digiri ke nan, kafin in ƙara wa mutum digiri 4 sai na zarce da ɗigo 8, lokacin kuwa madarar ta koma kalar bisap ko makaho ya gani. Na canza feno na ɗauko sabuwar kwalba, na ɗauko pipet ta biyu, duka abu guda. Na rufe labo ina cewa to ni dai na fita, matsalar tana ruga. Sud ɗin kuwa ko kallonsa ban yi ba, don ni na haɗa shi da hannuna ran Lahadi kuma na san giram 4,44 na auna.

Alhamis Baffa bai zo ba. Wajen ƙarfe 10 wata mai butik da ke ɗaukar kayanmu ta kira Hajiya tana faɗa, wai yawur ɗin satin nan ruwa-ruwa ne ba tsami ba kauri, yara sun ce kamar an dama madara da sukari. Hajiya ta leƙo ta ce kai mai labo, me ke faruwa? Mu ƙa'idarmu yawur na zama cikin ɗumi mai zafin wajen 43 har awon tsami ya nuna digiri 85 sannan a kai shi sanyi. Sai na tuna mai kula da tukunya tun Litinin yake murna wai yawur na saurin kamawa satin nan, muna tashi da wuri. Madara tana nuna tsami fiye da yadda baki ke ji, yawur ma yana nuna tsami fiye da yadda baki ke ji. Gabana ya faɗi. Na jawo kaye na buɗe shafin satin da ya wuce na jera shi da na wannan satin, sai ga shi ɓaro-ɓaro, mai 15 ya koma 19, mai 16 ya koma 20, Baffa mai 17 da 18 ya koma 21 da 22. Kowa ya hau, rana guda, ranar da na buɗe sabon sud. Baffa dai shi ne wanda madararsa ta fi ta kowa kauri, shi ya fi kusa da layin Hajiya, shi ya fara tsallakawa.

Asalin sud ɗin ga shi. Da can haɗaɗɗe muke saye, an riga an daidaita shi N/9 cikin kwalbar roba a rufe. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kayan labo sai a hankali, yau akwai gobe babu, namu ya ƙare mai kawowa ya ce sai wani watan. Na ce mene ne abin wahala a ciki, ni da na karanta shimi. Mol guda na sud giram 40 ne, raba 9, giram 4,44 a lita. Akwai wani tsohon gwangwanin ƙwayoyin sud a ƙasan kabad tun zamanin wanda na gada, murfin ya tsage an naɗe shi da leda. Na buɗe na ga ƙwayoyin sun manne da juna sun yi dunƙule, saman yana ƙyalli kamar an shafa mai, gefe-gefe kuma wani farin ɓawo, da cokali na ɓantara. Ina cikin awo waya ta yi ƙara na tsaya na amsa, abin yana kan sikeli a buɗe, hadari kuma ya haɗu a waje. Na dawo na cika 4,44 na narka na cika lita na rubuta N/9 da babban baƙi a jikin kwalba.

Da azahar na ɗauki kwalbar na haye Gadar Kennedy zuwa Harobanda wajen wani tsohon malamina da ke riƙe da labon wata lise, ana bakans amma makulli na hannunsa. Na ba shi labari tun daga farko. Ya ce ka auna sud ɗin? Na ce na auna mana Mushe, 4,44. Ya ce ban tambaye ka nauyin abin da ka ɗora a sikeli ba, na ce ka auna ƙarfin ruwan da ke cikin kwalbar nan? Na yi shiru.

Bai yi mini faɗa ba, abin da ya yi ya fi faɗa. Ya buɗe nasa gwangwanin mai kyau, ya zuba ƙwayoyi kamar 10 a ɗan faifan gilashi ya ɗora a sikelinsa mai lamba 3 bayan wakafi, ya bar ƙofar sikelin a buɗe ya ce zauna ka kalla. Ƙwayoyin busassu ne farare kamar ƙanƙara. Ban yi minti 2 ba lambar ƙarshe ta fara tafiya, tana hawa ɗaya-ɗaya ba wanda ya taɓa, ƙwayoyin kuma suka fara sheƙi kamar suna gumi. Ya ce ka gani, ruwan iska yake sha, wannan na minti 2 ne, naka damina nawa ya yi cikin leda? Sannan ba ruwa kaɗai ba, yana shan iskar CO2 ya koma karbonat, farin ɓawon da ka gani ke nan, kuma sud 2 da suka zama karbonat guda, a gaban feno aikin sud 1 kawai suke yi. Wato cikin 4,44 ɗina wani kaso ruwa ne, wani kaso karbonat ne, sikeli kuwa ba ruwansa, nauyi aka tambaye shi nauyi ya faɗa. Shi ya sa ko sabo fil ne ba a yarda da sud a kan nauyinsa, sai an gwada shi da wani asid da ba ya canzawa a iska, wanda in ka auna giram kaza ka tabbata giram kaza ɗin shi ne.

Irin wannan asid ɗin manyan labo sun fi amfani da wani gishirin ftalat na potasiyom, shi Mushe asid oksalik gare shi, farin lu'ulu'u, mai ruwa 2 a jikinsa, mol guda giram 126,07. Ya auna giram 0,630 a natse, ya zuba a fiyol ta ml 100, ya ɗauraye faifan sau 3 yana zuba ɗaurayen a ciki don kada ƙwaya ta ɓata, ya narka ya cika da ruwan distile har layi, ɗigon ƙarshe da pipet ya sa shi. Ƙarfin wannan ruwan 0,050 mol a lita. Asid oksalik kuwa hannu 2 gare shi, guda ɗaya sud 2 yake ci, to ml 10 nasa na bukatar milimol 1 na sud cif, wato kashi 1 cikin 1000 na mol. In sud N/9 ne na gaske, 1 raba 0,111, ml 9,0 zai ci. Ya rubuta 9,0 a allo ya ja layi ƙarƙashi ya ce bismilla, kai za ka ɗiga.

Na ɗauraye biret da sud ɗina na cika na fitar da kumfa na sa a sifiri. Ml 10 na oksalik a erlen, 'yar kwalbar gilashi mai siririn wuya, feno ɗigo 2, farar takarda a ƙasa. A ruwa garai-garai launin ba ya ɓuya kamar a madara, ɗigo guda ke juya shi. Na wuce 8 ina rage gudu, na zo 9 ina jira, hoda ta yi wal ta ɓace kamar ba a yi ba. 9,5 babu. 10 babu, zufa ta fara keto mini. Sai a 11,3 ya tsaya, Mushe ya ce na farko leƙen hanya ne ba a ƙirga shi, sake. Na sake sau 3 ina ɗiga rabi-rabin ɗigo in na matso, na samu 11,2 da 11,1 da 11,2. Muka ɗauki 11,2.

Lissafin ba shi da tsawo. Milimol 1 raba ml 11,2 ya ba da 0,089 mol a lita maimakon 0,111. Ko kuma 9,0 raba 11,2, wato 0,80. Sud ɗina kashi 80 cikin 100 ne na abin da na rubuta a jikin kwalba, duk lambar da na karanta satin nan sai an ninka ta da 0,80 kafin ta zama gaskiya. 21 ɗin Baffa 17 ce, 22 ɗin ba ta kai 18 ba. Yawur ɗin da muke cirewa a 85 ashe a 68 muke cire shi, mai butik ta yi gaskiya. Sai kuma na tuna yaron nan mai 17 da nake yabo, na ninka, 13,6. Na ce Mushe wannan fa? Ya yi dariya ya ce wannan kuma ka tambayi rijiyar garinsu.

Ya ba ni ƙwayoyi masu kyau a 'yar kwalba mai murfin roba da ɗan oksalik, muka haɗa sabon sud a nan. Ruwan distile ya sa na tafasa tukuna ya huce a rufe don iskar CO2 da ke ciki ta fita, awon ƙwayoyin kuma da sauri ba tsayawa neman 4,44 daidai, tun da dozaj ne zai faɗi ƙarfin ba sikeli ba. Sud na zafi in yana narkewa, sai da ya huce muka cika layi, kuma ya sa ni sa tabarau dole, ya ce asid in ya faɗa ido ana iya cin sa'a, sud ba ya barin ido. Muka gwada sabon ya ci 8,9 sau 2 da 9,0 sau ɗaya, ya ce rubuta lambar ninkawa 1,01 a jiki da kwanan wata, kuma kwalbar roba ba ta gilashi mai murfin gilashi ba don sud na cin gilashi har murfi ya liƙe. Oksalik ɗin ma ya ja mini kunne, guba ne, kada ya kusanci inda ake haɗa yawur, kuma ruwansa ba ya son rana ba ya son daɗewa, in riƙa haɗa kaɗan.

Gaya wa Hajiya ya fi dozaj ɗin wuya. Na ajiye mata kaye biyu na nuna mata, ta saurara har ƙarshe ta ce wato kai ne ka yi tsami ba madarar ba. Na ce ni ne Hajiya. Ta ɗauki waya ta buga lissafi, lita 40 sau 3, a dala 70 lita, jika 42. Ga yawur na kwana 3 da sai da aka karɓo wani daga butik-butik. Ta ce na yawur ita za ta ɗauka don ita ta ƙi sayen sabon gwangwani tun bara da na yi magana, na Baffa kuma za mu raba, rabi a albashina. Ban ce uffan ba.

Juma'a da safe yaron nan ya kawo tasa, sabon sud ya nuna 13. Ban yi saurin yanke hukunci ba wannan karon, don madarar saniya mai ciwon hantsa ma takan nuna ƙasa. Na sanyaya ta har zafinta ya sauka zuwa 20 na saka ma'aunin kauri, ya tsaya a 1,024, madarar kirki kuwa ba ta sauka ƙasa da 1,028. Ruwa ne. Hajiya ta ce masa ruwa muna da pampo. Ya yi ta rantse-rantse, daga baya ya ce wai ƙanensa ne.

Asabar na hau moto na bi hanyar Kollo, bayan Libore na sauka daga kwalta na shiga laka har gwiwa ina tura moto. Na iske Baffa ƙarƙashin wata bishiya yana gyaran igiya. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Hajiya ya tambayi aiki kamar ba abin da ya faru. Na ce Baffa na zo ne in ce madararka lafiyarta lau tun ran Litinin, ruwan awona ne ya lalace, laifina ne. Ya ce ai na sani. Na miƙa ambulan ya ƙi karɓa, ya ce madarar ba ta zube ba, tsohuwa ta kwantar da ita ta yi nono an kai wa masu fura, sai da ɗan ya sa baki ya ce an sayar amma da faɗuwa, sannan ya ce a ba tsohuwar. Aka kawo mini kindirmo a ƙwarya na sha, kuma ko don kunya ban tsaya tunanin digirinsa ba.

Yanzu kowace Litinin kafin bidon na farko ya shigo sai na ɗiga sud a kan ml 10 na oksalik sau 2 na rubuta a saman shafi, in ya kauce wa 9,0 da fiye da 0,2 in gyara lambar ninkawa ko in haɗa sabo. Madarar da ta zo kusa da layin Hajiya kuma ml 20 nake ja in raba sakamakon biyu, don kuskuren ɗigo guda ya ragu da rabi. A sati 5 sabon sud ɗin ya tashi daga 8,9 zuwa 9,1, duk da yana rufe.

Baffa ya dawo ran Talatar da ta biyo, da bidon ɗaya. Ɗayan wani mai yawur a Talladje ya riga ya kama shi a kwanakin nan 3 kuma ya ba shi kuɗin wata gaba ɗaya. Ya tsaya bakin tagar labo yana kallo har na rufe famfo, na ce 17 Baffa, ya gyaɗa kai ya tafi wajen karɓar kuɗi. Hajiya har yanzu tana aika masa gaisuwa a kan bidon na biyun, ya ce sai bayan kaka a gani.